Na ƙara albashi amma ƙwararrun ma'aikatana na ta tafiya, ina matsalar take?

Tambaya: Ina shugabantar kamfani mai ma'aikata kusan 80. A cikin shekara guda mutum 11 suka ajiye aiki, kuma yawancinsu waɗanda nake ji da su ne. Na ƙara albashi, abin bai tsaya ba. Matasan da muke kira intabiyu kuma, tambayarsu ta farko ita ce ko za a bar su su yi aiki daga gida. Kuɗi zan ƙara zubawa, ko kuwa zamani ne ya zo da ma'aikatan da ba sa zama wuri ɗaya? Yaya zan jawo na kirki in kuma riƙe su?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina aikin ɗaukar ma'aikata da kula da su, kuma duk shugaban da ya kawo mini wannan kuka, abin da nake fara gaya masa ɗaya ne. Ranar da aka ajiye maka takardar barin aiki a kan tebur, mai takardar ya yi watanni da tafiya, gangar jikinsa ce kawai take zuwa ofis. Duk abin da ka yi a ranar ihu ne bayan hari. Saboda haka kafin mu taɓa maganar kuɗi, ka ɗauki takarda ka jera sunayen mutum 11 ɗin nan. A gaban kowane suna ka rubuta wanda yake shugabantarsa kai tsaye, da shekarun da ya yi a kan matsayi ɗaya, da abin da ya same shi wata uku zuwa shida kafin ya tafi.

Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci. A 1994 wasu malamai biyu na Jami'ar Washington, Thomas Lee da Terence Mitchell, suka nuna cewa da yawan masu barin aiki wani abu ne guda yake faruwa ya girgiza su, har mutum ya tsaya ya tambayi kansa me ma yake yi a wurin. An tsallake shi an ba wani ƙarin girma. Oga ya daka masa tsawa a gaban na ƙasa da shi. Ya gano albashin sabon da aka kawo jiya, wanda shi ne ma yake koya masa aiki. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya nemi a sassauta masa na mako biyu aka hana. Wani lokaci kuma waya ce daga tsohon abokin aiki, ta same shi a ranar da ransa yake a ɓace. Idan ka cike takardar tsakani da Allah, ina kyautata zaton za ka ga sunan shugaban sashe ɗaya ko biyu yana ta dawowa, ko ka ga yawancinsu sun tafi a shekara ta biyu ko ta uku ba a taɓa motsa su daga inda aka fara ajiye su ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A wurina jawo ma'aikaci da riƙe shi aiki ɗaya ne. Lokacin jawowa alkawari kake ɗauka, lokacin riƙewa kuma cika shi kake yi. Bayan takardar kwantiragi akwai wata yarjejeniya da ba a rubutawa, wadda masaniya Denise Rousseau ta yi bayaninta a 1989, wato abin da ma'aikaci ya fahimci an ɗaukar masa a madadin guminsa. "Nan da shekara biyu kai za ka riƙe sashen." "Mu nan ba ma takura wa kowa." "Za mu tura ka kwas." Wanda ya faɗa a ɗakin intabiyu ya manta tun kafin a tashi aiki, wanda aka faɗa wa kuwa ya adana maganar a zuci yana ƙirga watanni. Yawancin ficewar da na gani a rayuwar aikina daga nan take farawa, daga tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa a bakin ƙofa da abin da mutum ya tarar a ciki.

To, kuɗi. Kada kowa ya ruɗe ka cewa albashi ba ya riƙe mutum. A 1913 masana'antar motoci ta Ford da ke Highland Park, kusa da Detroit a Amurka, sai da ta ɗauki mutum fiye da 50,000 don ta cike guraben aiki kusan 14,000, saboda ana shiga ana fita. A Janairun 1914 Henry Ford ya kai ladan rana dala 5, wato ya ninka shi har da ɗori, ya kuma rage sa'o'in aiki daga 9 zuwa 8. Ficewar ta faɗi warwas. Amma ka lura da girman abin da ya yi: ya biya abin da babu wani mai masana'anta da ke kusa da shi. Ƙarin da ka yi kuwa, idan tsadar rayuwa ta cinye shi tun kafin ya shiga asusu, ma'aikacinka kallon cikon bashi yake yi masa. Ya karɓa ya gode, ya ci gaba da duba tallan aiki a wayarsa.

Akwai wani tsohon bincike da nake yawan komawa gare shi. A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Suka ce abubuwan da ke sa mutum ya tsani aiki daban suke da waɗanda ke sa ya so shi. Albashi da dokokin kamfani da yanayin wurin aiki, idan suka lalace mutum zai tsani wurin, idan suka gyaru sai ya daina ƙorafi, iyakarta ke nan. Abin da ke ɗaure zuciya shi ne aikin kansa, da yabo a kan abin da ka yi, da a danƙa maka amana, da ganin kana gaba. Masana sun soki hanyar da aka bi wajen binciken, ni ma ban ɗauke shi aya ba. Amma ya yi daidai da abin da ya same ka: ka toshe rami ɗaya, ruwan yana zuba ta wani.

Abin da ya fi ƙarancin albashi ciwo shi ne bambancinsa tsakanin mutane masu aiki iri ɗaya. A 2008 wata jarida a jihar Kalifoniya ta saka albashin ma'aikatan gwamnatin jihar a intanet, har da na Jami'ar Kalifoniya. Masanin tattalin arziki David Card da abokansa suka sanar da wasu daga cikin ma'aikatan jami'ar cewa shafin yana nan, sannan daga baya suka tambaye su yadda suke ji da aikinsu. Waɗanda suka gano suna karɓar ƙasa da matsakaicin albashin takwarorinsu, jin daɗin aikinsu ya ragu, niyyarsu ta neman wani wurin ta ƙaru. Waɗanda suka gano suna sama kuwa, ba su ƙara jin daɗin komai ba. Ka ga ke nan rashin daidaito asara ce zalla, ba ya sayo maka biyayyar wanda aka fifita, yana kore maka wanda aka danne.

Kuma kamfani da hannunsa yake haifar da wannan bambanci. Ka rasa mutum, kana sauri ka cike gurbi, kasuwa ta hau, sai ka ɗauko sabo a kan albashin da ya fi na wanda ya shekara biyar yana maka bauta. Matthew Bidwell na makarantar kasuwanci ta Wharton ya bi bayanan ma'aikatan wani bankin zuba jari a Amurka, ya wallafa a 2011 cewa waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyan su kimanin kashi 18 cikin 100 fiye da waɗanda aka ƙara wa girma daga ciki zuwa irin wannan matsayi, alhali a shekara biyun farko makin aikinsu ya fi ƙasa, sun kuma fi saurin barin wurin. Shawarata, kafin ka sake yin ƙarin bai-ɗaya, ka zauna da akantanka ku jera kowane matsayi da abin da kowa yake karɓa. Duk inda ka ga bambancin da ba za ka iya kare shi a gaban mutanen biyu suna zaune ba, nan kuɗinka ya kamata ya fara zuwa. Kada ka dogara da cewa ba za su sani ba. Jihar Kolorado ta Amurka tun 2021 ta wajabta a rubuta albashi a tallan aiki, birnin New York ya bi sahu a Nuwamban 2022, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar bayyana albashi a 2023. Ko inda babu irin wannan doka, ma'aikata suna gaya wa juna, shafukan intanet irin su Glassdoor, inda ma'aikata ke rubuta albashinsu, suna gaya wa kowa.

Idan wani a hukumar kamfanin ya ce babu kuɗin gyara, ka lissafa masa kuɗin rashin gyaran. Cibiyar bincike ta Gallup ta ƙiyasta cewa maye gurbin ma'aikaci ɗaya yana cin daga rabin albashinsa na shekara zuwa ninki biyu. Akwai kuɗin talla da lokacin da aka ɓata wajen tantancewa, akwai watannin da sabon zai yi yana laluben hanya, akwai nauyin da ya koma kan waɗanda suka rage, akwai abokan ciniki da suka saba da fuskar wanda ya tafi. Ka ninka wannan sau 11.

Yanzu bari in zo inda na fi so ka tsaya, wato shugabannin sassa. Ma'aikaci ba ya ganin kamfani da idonsa, ogansa yake gani. Shi yake ba shi aiki, shi yake sa hannu a takardar hutunsa, shi yake faɗin sunansa ko ya ɓoye shi idan an shiga taron manya. Gallup ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin rukunin ma'aikata masu zuciyar aiki da marasa ita, daga manaja yake. A farkon 2022 mujallar makarantar kasuwanci ta jami'ar MIT da ke Amurka ta wallafa nazarin Donald Sull da abokansa a kan guguwar ajiye aiki da aka yi a Amurka, inda suka gano cewa gurɓataccen yanayin mu'amala, wato raini da wariya da rashin gaskiya da cin dunduniya, ya fi albashi nuna kamfanin da zai yi asarar mutane har sau 10. Kamfanin Google ma a 2002 ya gwada cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, abin bai yi wata nawa ba aka dawo da su. Daga baya suka bincika me ke bambanta manaja nagari da wanda ba shi ba, suka fitar da halaye takwas. Na farko shi ne iya koyar da na ƙasa da ɗora shi a hanya. Ƙwarewa a kan aikin kansa ita ce ta zo ta takwas.

Wannan ya kamata ya ba mu tsoro, domin kusan ko'ina akasin haka muke zaɓen shugaba. Wanda ya fi kowa sayar da kaya shi muke naɗawa shugaban masu sayarwa. Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue sun bi bayanan masu sayar da kaya a kamfanoni fiye da 100, suka wallafa a 2019 cewa gwanin ciniki ya fi samun ƙarin girma, amma idan ya zama manaja, cinikin waɗanda ke ƙarƙashinsa ba ya kai na waɗanda ke ƙarƙashin wanda bai kai shi gwaninta ba. An yi asara biyu ke nan, an rasa gwanin ciniki, an samu shugaban da bai iya riƙe mutane ba.

Na taɓa aiki a wani kamfani da muke da irin wannan mutum. Babu wanda ya kai shi sanin aiki, kuma ba mugu ba ne. Matsalarsa ba ya iya barin kowa ya yi abu da kansa. Duk rahoton da aka kawo masa sai ya sake rubuta shi da dare, da safe ya kai wa manya ba tare da ya ambaci wanda ya fara haɗa shi ba, don a ransa aikin sashe ne. Mutanensa suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa a hirar sallama sai ya ce ya samu wuri mai albashi mafi tsoka. Na yarda da wannan amsa tsawon lokaci, kuma har yau abin yana damuna, domin a hannuna aka rasa yara masu hazaƙa da ya kamata in kare. Sai da na kira wata daga cikinsu wata shida bayan tafiyarta, lokacin ba ta da abin tsoro, ta ce mini shekara biyu ta yi ba ta ga sunanta a kan aikinta ba ko sau ɗaya. Daga nan na koyi cewa hirar ranar sallama ba ta fiya ba da gaskiya ba. Mai tafiya yana buƙatar takardar shaida, ba zai tsaya tonon silili ba, albashi kuma shi ne amsar da ba ta ɓata wa kowa rai.

Abin da muka yi, wanda nake ba ka shawara ka yi, shi ne buɗe hanyar ci gaba ta biyu, ta yadda gwani zai samu ƙarin matsayi da albashi a matsayinsa na gwani ba sai an ɗora masa mutane ba. Wanda aka ɗora wa mutane kuma a koya masa, don riƙe mutane sana'a ce mai zaman kanta. A wajabta wa kowane shugaban sashe ya zauna da kowane na ƙasa da shi su biyu, ko da minti 20 ne duk mako biyu, kuma rabin lokacin na ƙasan ne zai yi magana. A riƙa auna manaja da yawan mutanen da suka girma a hannunsa da yawan waɗanda suka gudu. Kai kuma da kanka ka riƙa zama da waɗanda ba ka son rasawa tun suna nan, ka tambaye su me ke riƙe su, me zai iya sa su amsa wayar wani kamfani, wane abu ɗaya ne da za a canja musu gobe da sun so. Sharaɗin wannan hira ɗaya ne: kada ka tambaya idan ba ka shirya yin komai ba. Tambayar da ba a bi ta da aiki ba tana ƙara tsawon jerin alkawuran da aka saɓa.

Batun aiki daga gida, ba na so ka ɗauke shi lalaci, ba na kuma so ka ɗauke shi maganin komai. An auna shi. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi gwaji da kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, inda aka raba masu amsa wayar abokan ciniki gida biyu ta hanyar ranar haihuwarsu, wasu suka koma gida na tsawon wata tara. Aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, barin aiki a cikinsu ya ragu da rabi. Sai dai ƙarin girmansu ya ja baya, saboda wanda ba a gani ana mantawa da shi, kuma da aka gama gwajin kusan rabinsu suka zaɓi komawa ofis don kaɗaici ya ishe su. Daga baya aka sake wani gwajin a kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, da ma'aikata 1,612, aka wallafa shi a mujallar Nature a 2024. A wannan karon kwana biyu kawai ake yi a gida, Laraba da Juma'a, sauran ukun a ofis. Ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman a tsakanin mata da masu zuwa daga nesa, kuma ba a ga wata illa a makin aiki ko ƙarin girma ba. Manajojin da suka shiga gwajin suna zaton aiki zai lalace, sun fito da ra'ayinsu ya sauya.

Ni abin da nake karantawa a nan shi ne gaurayen ya fi kowane gefe, amma sai an tsara shi. Ranakun ofis su zama ɗaya ga dukan sashe, domin babu amfanin mutum ya sha hanya ya zo ya tarar da kujeru babu kowa, ya wuni yana taro ta bidiyo. Sababbin ɗauka su fi yawan zuwa a watannin farko, don aiki da kallo da jin hirar manya ake koyonsa. A auna mutum da abin da ya kammala. Idan manajanka bai san ko mutum yana aiki ba sai ya gan shi a kujera, to tun can bai san yadda ake auna aiki ba, kuma wannan ya koma kan abin da muka faɗa a sama.

Kada ka manta da waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga gida: direba, mai gadi, mai kula da sito, mai tsayawa a kanta, mai aiki da inji. Idan ka ba na ofis sassauci ka bar su haka, ka buɗe wata sabuwar ɓaraka. Abin da suke so iri ɗaya ne da na sauran, wato su samu iko a kan lokacinsu. A ba su jadawalin aiki tun da wuri, a bar su su yi musayar ranaku a tsakaninsu, a daina kiran mutum ranar hutunsa sai da larura ta gaske. Kamfanin tufafi na Gap ya gwada daidaita jadawali a wani bincike da ya shafi shaguna 28 a San Francisco da Chicago tsakanin 2015 da 2016, ciniki ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100 a shagunan da aka yi gyaran.

Akwai kuma illar da wayar hannu ta kawo, ta aikin da ba ya ƙarewa. Saƙo ƙarfe 11 na dare, imel ranar hutu. Faransa ta ba ma'aikata haƙƙin kashe wayar aiki bayan an tashi tun Janairun 2017, Ostareliya ta yi irin tata dokar a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Wannan magana ce ta rai, ta wuce lissafin riba. Kuma abin da na lura, wanda ya fi iya aiki shi ake ta ƙara wa kaya har ya durƙushe, don an san ba zai ce a'a ba. Ka duba ko wasu cikin mutum 11 ɗinka ba haka aka yi musu ba. Aikin kwana huɗu a mako kuwa, an gwada shi a kamfanoni 61 a Birtaniya a 2022, 56 suka ci gaba da shi, amma kamfanonin su suka kawo kansu, don haka ba zan ce ka fara da shi ba.

Ka ce ko zamani ne ya zo da matasa marasa zama. Ban yarda ba. Matashi a kowane zamani ya fi babba motsi, domin yana neman inda ya dace da shi, kuma nauyin da ke kansa bai kai ya ɗaure shi ba. Cibiyar bincike ta Pew ta duba alƙaluman Amurka a 2017, ta ga matasan lokacin ba su fi waɗanda suka gabace su saurin sauya aiki ba a daidai wannan shekaru. Abin da ya sauya shi ne ƙofa ta zama a buɗe. A da sai mutum ya nemi aiki, yanzu aiki ne yake biyo shi har cikin LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata. Tun kullen korona na 2020 kuma, mai iya aikin kwamfuta zai iya yi wa kamfanin wata ƙasa aiki daga ɗakinsa, don haka abokin gasarka ba lallai ka san sunansa ba. A 2021 kaɗai Amurkawa fiye da miliyan 47 suka ajiye aikinsu da kansu, kuma mafi yawansu wani aikin suka koma. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 ta sa matashi yana tambayar kansa ko abin da ya iya yau zai ci kasuwa nan da shekara biyar. Mai wannan fargaba zai zauna ne inda yake jin yana ƙaruwa da ilimi. Na san masu cewa idan ka horar da mutum sai ya tafi da iliminka. Wasu za su tafi. Amma wanda ba ya koyon komai a wurinka, in mai hazaƙa ne ya fi saurin tafiya, in ba mai hazaƙa ba ne shi zai zauna maka. Ka kafa doka cewa duk gurbin da ya buɗe a fara tallata shi a cikin gida, kuma kada manaja ya samu ikon danne wanda yake son komawa wani sashe.

Wajen jawowa ba zan tsawaita ba, don idan cikin gida ya gyaru rabin aikin ya ƙare, ma'aikatanka su za su kawo maka abokansu. Ka rubuta albashi a talla, daga kaza zuwa kaza. Ka faɗi wahalar aikin tun a intabiyu: watan da ake kwana ana aiki, irin abokan cinikin da ke ɗaga murya, abin da ya sa wanda ya riƙe kujerar ya tafi. Wasu za su janye, kuma gara su janye yanzu da su janye bayan ka kashe wata huɗu kana koya musu. Ka sa a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a ba da maki a rubuce, a ba shi ɗan samfurin aikin ya yi, domin bincike ya daɗe da nuna wannan ya fi hirar "ya kwanta mini a rai" gano wanda zai iya. Ka yi sauri, mutumin kirki ba ya jiran wata biyu. Wanda ba ka ɗauka ba ka aika masa amsa. Idan za ka yi amfani da manhajar tace takardun masu nema, ka sa mutum ya riƙa duba abin da take zubarwa. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da irin wannan manhaja da ya ƙera, bayan an gano tana rage wa mata maki saboda ta koyi zaɓe ne daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne.

Sai watanni ukun farko, inda sabon ma'aikaci yake gwada maganarka da abin da ya gani. Ya zo ranar farko ya tarar da kwamfutarsa da kujerarsa a shirye, ogansa yana nan bai yi tafiya ba, an haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa tambaya ba tare da jin kunya ba, an rubuta masa abin da ake so ya cimma a wata na ɗaya da na uku. Duk abin da aka yi masa alkawari da baki a intabiyu, a rubuta shi a saka a fayil ɗinsa da ranar da za a waiwaye shi, ko da wanda ya ɗauki alkawarin ya bar kamfanin.

Idan wani ya sake kawo maka takarda gobe, ka yi hattara da saurin cewa "nawa suka ba ka, zan ƙara". Wani lokaci dole ne, idan tafiyarsa za ta tsayar da aiki. Amma sauran suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka shi ne ba a samun ƙari a nan sai an yi barazanar tafiya. Kuma ba kowace tafiya ce asara ba, akwai wanda ya kai ƙarshen abin da kamfani mai mutum 80 zai iya ba shi. Irin wannan ka sallame shi da mutunci, ka biya shi haƙƙinsa cif a kan lokaci, ka rubuta masa shaida mai kyau, ka gode masa a gaban abokan aikinsa. Bayan wata shida ka kira shi ku gaisa, ka tambaye shi ainihin abin da ya faru. Ka fara da waɗannan 11 ɗin. Wasunsu za su gaya maka abin da babu wanda ke cikin ginin zai iya faɗa maka, kuma kada ka yi mamaki idan ɗaya ko biyu suka tambaye ka ko kujerarsu tana nan.